Kaset Ɗin Mai Shanya

Mahaifina mutum ne mai sauƙin kai a kan komai, in ban da kaset. Ka taka masa ƙafa, shi zai riga ka ba da haƙuri. Ka zauna masa a kan hula, ya ce dama ta tsufa. Amma ka ɗauki kaset ɗinsa ɗaya ka ajiye a kwance maimakon a tsaye, to ranar za ka gane cewa shiru-shiru ba tsoro ba ne.

A unguwarmu Mai Majigi ake ce masa, ko da yake rabin masu kiransa haka ba su taɓa ganin majigi da idonsu ba. Shekara goma sha tara ya yi a wani ɗan ɗaki da ke can saman gidan silima, bayan 'yan kallo, yana ɗora faifai yana saukewa, zufa na zuba. Ta wata 'yar taga da ba ta fi tafin hannu biyu ba yake leƙen allo, shi ya sa har gobe in zai kalli abu sai ya karkace kai. Da aka rufe silimar aka mayar da ita ma'ajiyar siminti, sai ya buɗe shago a bakin titinmu yana gyaran rediyo da bidiyo. A nan ciwon ya kama shi. Mutum zai kawo bidiyon da ya mutu da kaset maƙale a ciki, Baba ya ciro kaset ɗin, ya gyara injin, sannan ya ce bari ya gwada ya gani. Gwajin minti biyar sai ya koma awa uku. Mai rediyo na tsaye a bakin ƙofa yana rafka sallama, Baba na ciki yana share hawaye da tsumman goge-goge.

Kuma ba kowane fim ne ke shiga ransa ba. Na duka da harbi ba ruwansa da su. Nasa su ne tsofaffin nan masu waƙa, waɗanda in abu ya yi wa mutum zafi sai ya daina magana ya kama rerawa. A cikinsu ma ba ya son waɗanda suka yi suna. Yana son wanda aka nuna kwana uku aka sauke, wanda ko masu wasan sun manta sun yi shi.

"Wanda kowa ya sani yana da dangi, Uwata," haka yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ni marayu nake nema."

Ya kuwa nema. Duk shagon hayar kaset da ya ji za a rufe, ko a wane gari ne, sai ya hau mota ya je. Ya dawo da buhu a kafaɗa, kansa duk yana, yana murmushi kamar an yi masa haihuwa. Marigayiya Inna, mahaifiyarmu, takan ce ita dai mutum ɗaya ta aura, ta wayi gari da 'yan haya dubu, kuma ba mai share tsakar gida a cikinsu. Amma ita ce ta ɗinka labule mai kauri aka rufe tagar ɗakin, don Baba ya ce rana maƙiyiyar kaset ce. Ɗakin kuwa namu ne, ni da ƙannena. Ana kai autarmu ɗakin miji, ko sati ba a yi ba, kafinta ya zo ya jera katako daga ƙasa har rufi.

Ni Allah bai yi ni da haƙurin Inna ba. Kemis nake aiki, layi biyu tsakaninmu da gidan Baba, kuma tun da Inna ta rasu ni ke kai masa abinci kullum da rana. Sau nawa na tarar da na jiya ko buɗewa bai yi ba, yana zaune a ƙasa, ya kwance kaset, yana bin zaren da auduga a hankali yana goge funfuna! In na fara faɗa sai ya ce, "Sannu da zuwa, Sarkin Faɗa," ya ci gaba da abin da yake yi. Yana da dokoki kamar asibiti. Ba a tsayar da hoto, don kan bidiyo yana cin zare a wurin. Ba a kallo ranar da aka yi ruwa. Duk bayan wata shida sai ya juya kowane kaset daga farko har ƙarshe da wani ɗan mariƙi da ya ƙera da kansa, don kada zaren ya manne da juna. Na taɓa ce masa da mu ya reni haka, da yanzu mun fi haka kyau. Ya ce ai mu muna da bakin kuka, su kuwa ba su da shi.

A cikin dubun nan akwai ɗaya da ba ya kan katako. Yana cikin wani gwangwanin biskit, a kewaye da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Duk wanda ya sayi takalmi a unguwar ya san inda zai kai nasa. Baba ya tsinci kaset ɗin shekara talatin da ɗaya da suka wuce, a cikin tarin da wani mai shago ke shirin ƙonawa. Ba kwali, ba rubutu, kuma farkonsa ya tsinke, don haka ba wanda ya san sunan fim ɗin ko sunan waɗanda suka yi shi. Ya tambaya har ya gaji, bai taɓa samun wanda ke da irinsa ba. Labarin wata mai wankau ne da yayanta ya tafi neman aiki bai dawo ba, ita kuma kowane mako sai ta wanke rigar da ya bari ta shanya. Mu a gida Mai Shanya muke ce masa. A tsakiyarsa akwai waƙa ɗaya da take yi a kan soro, kuma saboda waƙar nan Baba ke ce wa sauran kasakasansa duka ƙannenta ne.

Ni ban taɓa zama na kalla ba. Ina yarinya na ga kamar shirme ne, da na girma kuma aka daina kunnawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Baba ya sa shi, minti biyu kacal, hoton ya fara dishi-dishi. Ya buɗe bidiyon ya ga baƙin gari a kan injin, kamar an zuba kwalli. Wannan garin shi ne fim ɗin, ya ce. Zaren ya tsufa, hoton na zubewa daga jikinsa, duk inda ya ratsa ta inji sau ɗaya, ya tafi ke nan. Tun daga ranar ya rufe gwangwani. Akwai wani mai kwamfuta a kasuwa da ke kwashe tsofaffin kaset ya zuba a na'ura, kuma sai da Baba ya shekara huɗu yana nazarin mutumin kafin ya yarda zai ba shi. Da ya yarda kuma, sai injin mai kwamfutar ya lalace, aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga nesa, wata biyu ko uku. Baba ya ce ba komai, wanda ya jira shekara sha ɗaya ba zai kasa jiran wata uku ba.

Ana cikin jiran ne suka zo. Ranar Talata ce, ina zuba masa abinci a shago. Wata tsohuwar mota ta tsaya, wani mutum mai furfura a gemu ya fito ya zagaya ya buɗe ƙofa, ya riƙo wata tsohuwa 'yar ƙarama, tana takawa a hankali. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce shi direba ne, wannan kuma mahaifiyarsa ce. Wani fasinja ne ya ba shi labarin Mai Majigi.

"Baba, a yi mana haƙuri, mun zo da magana mai kama da wasa," in ji Direban. "Iya ce ta ce tana budurwa ta taɓa yin waƙa a fim. Mu dai tun muna yara muke ji, muna dariya. Yanzu kuma ta matsa sai ta ji abarta. Shago bakwai muka je."

"Mene ne sunan fim ɗin?" Baba ya tambaya.

Direban ya sunkuya ta kunnenta na hagu ya ɗaga murya, don na daman ya daɗe da tafiya. Iya ta ce ita ba ta san suna ba. Ita ɗinki take yi musu, tana gyara kayan 'yan wasa. Ranar da za a ɗauki waƙa muryar mawaƙiyar ta dishe, shugaban ya ji ta tana rera abin a kan keken ɗinki, sai ya ce ta taso. Aka sa ta a wani ɗaki da aka jingina katifu a bangonsa, ta yi sau ɗaya, aka ce ya yi. Bayan nan ta bar garin, kamfanin ya watse, ba ta taɓa ganin fim ɗin ba.

Baba ya yi murmushin nan nasa na tausayi, na san yana shirin ba su haƙuri ne. Ya ce, "Baiwar Allah, ko kina tuna kaɗan daga ciki?"

Iya ta gyara mayafi, ta kalli ƙasa, ta fara da wata murya siririya mai rawa:

"Rana, yi haƙuri kada ki faɗi,
rigar yayana ba ta bushe ba."

Sukundireban da ke hannun Baba ya faɗi ya gangara ƙarƙashin tebur. Wallahi ban taɓa ganin fuskar mahaifina haka ba, ko ranar da aka ce masa Inna ta cika. Ya miƙe, ya koma ya zauna. Can ya ce, shi ma da ƙarfi don ta ji, "A baiti na biyu, me ya faru?"

Iya ta dube shi, sai ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Au, ba su cire ba? Allura ce! Na soke ta a bakin zanina na manta. Tsoro ya sa na damƙe zanin, ta shige mini babban yatsa. Na ce a sake, suka ce ba sauran zare."

"Allura?" in ji Baba. "Shekara talatin ina gaya wa mutane kuka ne ya sarƙe ta! Har musu na yi da wani malamin makaranta a kan wurin nan, muka yi wata biyu ba ma gaisawa!"

"Kukan ma na yi, Malam, amma sai da na fito."

Muka yi ta dariya, har da Direban, wanda idonsa ya cika da ƙwalla, don yau ya tabbata uwarsa ba tatsuniya take yi musu ba. Sai ya ce, "To Baba, a taimaka a sa mata."

Nan dariyar ta ƙare. Baba ya yi musu bayanin baƙin gari da mai kwamfuta, ya ce su ba shi wata uku, shi da kansa zai kai mata har inda take. Direban ya matso kusa, ya rage murya, ko da yake ba ji za ta yi ba. Ya ce jibi zai tafi da ita garin da yayarsa take, kusa da babban asibiti. Kunnen hagun ma kullum raguwa yake. Likita kuma bai faɗa da baki ba, amma sun gane. Wata uku da yawa ne.

Baba ya dubi hannuwansa ya ce, "Ku yi haƙuri."

Suka yi godiya, suka tafi. Iya har da sa masa albarka, ta ce ko sanin cewa abin yana nan ma ya ishe ta. Direban ya bar lambar wayarsa a kan takardar batir.

Ni kuwa motar na shan kwana na sauke masa kwandon faɗa. Na ce, "Baba, kai da ka ce marayu kake nema? Ga uwar marayan ta zo har ƙofarka ka mayar da ita! Wa kake ajiye wa? Gara? Mu dai ba kallo za mu yi ba, wallahi ka sani!" Na faɗi fiye da haka, har da abin da ba a faɗa wa uba, Allah ya yafe mini. Bai ce mini Sarkin Faɗa ba. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce, "Uwata, in na sa shi, ya tafi. Babu wani a duniya. Ba nawa ba ne da zan kashe shi." Na ce, "Nata ne ai." Na ɗauki kwanukana na fita, raina a ɓace, ina kuma jin kunyar kaina.

Washegari da safe zan wuce aiki na hango shagon a rufe, abin da ba ya faruwa. Na shiga gida da sauri. Na same shi a ɗakin kaset, ya kwance bidiyonsa mafi kyau ɗai-ɗai a kan farin ƙyalle, yana goge kan injin da auduga da sifirit. Gwangwanin biskit na gefensa a buɗe.

"Kira yaron nan," ya ce, bai ko ɗago ba. Yaron da ke da furfura a gemu! "Ki ce su zo bayan azahar. Ki biya wurin mai aski ki ce ya ara mana janareta, ban yarda da wutar nan ba. In ta ɗauke a tsakiya, zaren zai tsinke."

Na tsaya ina kallonsa.

"Kuma wayar nan taki tana ɗaukar hoto mai motsi ko?"

Na ce tana yi.

"To ke za ki riƙe. Ki saita ta a kan talabijin, kada ki motsa, kada ki yi tari. Hoton hoto ne, ba zai yi kyau ba, amma da babu gara ba daɗi. Kin ji ko, Uwata? Minti huɗu ne da 'yan kai. Abin da kika ɗauka shi ne zai rage."

Na ce na ji. Na ma yi masa alkawari.

Awa biyu ya yi yana juya zaren da ɗan mariƙinsa, a hankali kamar mai cire ƙaya, don ya kai shi daidai bakin waƙar ba tare da inji ya taɓa sauran ba. Ba agogo, ba alama. Kaurin zaren kawai yake dubawa ta ɗan gilashin kaset, ya ce in ya rage faɗin yatsa biyu a dama, nan ne soron.

Bayan azahar suka iso. Iya ta sa sabon mayafi, har da turare. Muka zaunar da ita a kujerar Inna, Baba ya jawo babbar sifika ya ɗora a kan kwali daidai kunnenta na hagu. Direban ya tsuguna a bayanta. Mai aski ya tada janareta a tsakar gida, sannan ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Na durƙusa a gefe, gwiwar hannuna a kan tebur, waya a saite, talabijin ya cika ta tsaf. Baba ya riƙe kaset ɗin da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya tura.

Da farko dusar fari da baƙi ce kawai. Sai hoto ya tsaya. Na hango wani abu kamar sararin sama da wata mace ta juya baya. Kiɗa ya taso, siriri, da ɗan shuuu a ƙarƙashinsa. Sai murya.

Kai! Ban san haka take ba. Murya ce ta yarinya, tas, ba ta da tsoron kowa, ko da yake mai ita ta ce tsoro ne ya cika ta. Sai na ji wani ɗan sauti a gefena, na saci kallo. Iya ce. Ta miƙe zaune sosai, ta manna kunne da sifika, leɓunanta na tafiya tare da waƙar, ba ta kuskure ko kalma ɗaya ba. Idonta a buɗe, ba ta ko ƙiftawa, fuskar nan mai tamoji ta saki gaba ɗaya.

Ban san lokacin da hannuna ya juya ba. Na rantse ban yi shawara da kaina ba. Na dai ga Iya a cikin wayar, kuma na kasa mayar da ita. A baiti na biyu muryar ta sarƙe, Iya ta zabura ta kai babban yatsanta baki, sai ta yi dariya, hawaye na gangarowa cikin dariyar. Direban ya kifa kai a bayan kujera, kafaɗunsa na rawa. Ta kama baiti na uku da ƙarfi, tsohuwar murya da sabuwa suka tafi tare, ɗaya na jan ɗaya.

Ana saura kaɗan a gama sautin ya fara nutsewa. Kiɗan ya yi ƙasa, ya dawo, ya sake yin ƙasa, sai shuuu. Iya ce ta ƙarasa layin ƙarshe ita kaɗai, ba kiɗa. Baba ya danna ya kashe.

Mai aski ya ce, "Ikon Allah," ya fita yana jan hanci. Iya ta kamo hannun Baba da nata biyu, abin da ya sa ya rasa inda zai sa kansa. Ta ce, "Ashe na iya." Baba ya ce, "Kin iya, baiwar Allah. Ba a yi kamarki ba." Ta ce a maimaita mata abin da Baba ya ce, Direban ya faɗa mata a kunne, ta gyaɗa kai, ta ce, "To mu tafi, na ji."

Bayan mun raka su mota mun dawo, Baba ya ciro kaset ɗin, ya ɗaga murfinsa ya jawo zaren kaɗan ya duba a hasken ƙofa. Fari tas, har ana hango yatsansa ta ciki. Sauran fim ɗin na nan, amma soron ya tafi. Ya ja numfashi, ya mayar da shi gwangwani, sannan ya miƙo hannu.

"Kawo mu gani, Uwata."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ni da ba na tsoron kowa a layin nan, da ƙyar na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya karkace kai. Daƙiƙa goma sha biyu na talabijin: sama, da bayan mace. Daga nan bango, labule, sai fuskar Iya har ƙarshe.

Ya kalla duka. Da ya ƙare ya ce, "Ina Mai Shanyar?"

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ban san ya aka yi ba."

Ya miƙo mini wayar, ya cire tabarau ya ninke, ya ce in mayar wa mai aski janaretansa, in yi masa godiya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fita ina kuka a titi kamar ƙaramar yarinya, mata na tambayata ko rasuwa aka yi.

Kwana biyu ina kai abinci, ya ce sannu, in ce yauwa, shi ke nan. Ba tsokana, ba Sarkin Faɗa. Yana cin abincin ma, duka, wanda ya fi komai tayar mini da hankali. Na tura wa Direban hoton, ya kira ni yana ta godiya, ya ce sun isa lafiya, 'yan'uwansa duk sun taru a kan waya ɗaya. Ban iya gaya wa Baba ba. Gani nake kamar na ɗauki abinsa ne na yi kyauta da shi.

Rana ta uku na ajiye kwano zan juya, ya ce, "Zo nan. Ya ake mayar da abin nan baya?"

Na nuna masa. Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya kalla, ya mayar, ya sake kalla. Ina tsaye kamar mai jiran hukunci.

"Hannunki na rawa," ya ce. "Kuma kin yanke mata rabin mayafi. Da a silima ne da an jefe ki da bawon lemo."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya sake mayarwa. Wannan karon ya bari sai da Iya ta ƙarasa layinta ita kaɗai. Ya kife wayar a kan cinyarsa.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce, "ina kallon bakin da ba shi ke waƙar ba."

Na durƙusa a gabansa.

"Ban ce ban ji zafi ba, Uwata. Na ji. Yarinyar nan ta kan soro, ita ma 'yar wasu ce, ta yi aikinta da kyau. Yanzu ba inda fuskarta ta rage sai a kaina, ni kuma mai kwamfuta ba zai iya kwashe ni ba." Ya goge ido da bayan hannu. Can ya dube ni, ya ɗan ɗaure fuska. "Ke ma ba ki kalla ba ko? Kina can kina kallon mutane."

Na ce ban kalla ba. Daƙiƙa sha biyun nan ce kawai.

"Kina da aiki yanzu?"

Ina da shi, mai kemis ma ya riga ya kira ni sau biyu. Na ce babu.

Ya jawo ɗan bencin da masu kawo gyara ke zama, ya kaɗe shi da tsumma, ya tura mini. Ya tashi ya sakaya ƙofar shagon don kada a dame mu, ya dawo ya zauna, ya rufe ido.

"To ki buɗe kunne, kuma kada ki katse ni, na san halinki. Da farko dai igiya uku ce a kan soron. Ta tsakiyar ta ɗan saki, ta yi ciki. Ita kuma ta fito ta hannun hagu, bokiti a kwankwaso, ba takalmi a ƙafarta."